Bol ɗin ƙafar baya ya ƙi fita: a ci gaba da duka, a sa wuta, ko a yanka?

"Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2004, wadda ake kira EOD. Beljiyam na saye ta, takardunta sun nuna daga Kanada ta zo. Bayanta yana ƙara idan na shiga gargada, kuma tayar baya ta dama tana cinyewa ta ciki. Bakanikena ya ce bushin ne suka mutu. Da ya zo kwancewa, notuna sun fita, amma bol biyu sun ƙi zaruwa: na ƙasan shokozoba da wanda ake saita alaimen da shi. Ya zuba man birki, ya yi ta duka da guduma, ko gezau. Yanzu ya ce a kira mai walda a sa wuta. Ni kuma tsoro nake ji saboda tankin mai yana kusa. Mene ne mafita?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron nan naka yana kan hanya. Abin da kake son sani shi ne me ya riƙe bol ɗin da notinsa ya riga ya fita, kuma ta wace hanya za a raba shi da motar ba tare da an jawo wata ɓarnar ba. Shawarata a taƙaice: a ajiye gudumar, kada a kai harshen wuta kusa da tanki, a fara nemo sababbin bol da bushin a riƙe a hannu, sannan a yanka tsofaffin. Ban ga motar ba, bayaninka kawai na karanta, don haka akwai wuraren da idon wanda ke ƙarƙashinta ne zai yanke hukunci. Amma wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga duk mai aikin ƙafa da ke taɓa motocin da suka fito daga ƙasashen sanyi.

Abin da ya riƙe bol ɗin

Bushin abu uku ne a haɗe. Akwai gwangwanin ƙarfe na waje wanda aka matsa cikin idon am (sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafa da jikin mota) ko cikin nokul, wato ƙarfen nan da ke ɗauke da boris da taya. Akwai roba a tsakiya. Sai ɗan bututun ƙarfe mai kauri a can ciki, wanda bol ke ratsawa. Robar a manne take da bututun tun daga masana'anta. Idan aka ɗaure noti, kunnuwan biraket biyu, wato ƙarfen da bushin ke zaune a tsakiyarsa, suna matse bututun gam, ba ya juyawa ko kaɗan. Duk hawa da saukar da taya ke yi a hanya, robar ce ke murɗewa ta dawo. Ke nan bol da bututu suna zaune wuri ɗaya shekara da shekaru ba wanda ya motsa, ga 'yar tazara siririya a tsakaninsu wadda ruwa ke shiga ya kwanta.

A Kanada, musamman Ontariyo da Kwibek, da jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo, ana watsa gishiri a kan titi duk hunturu don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan shi taya ke fesawa ƙarƙashin mota wata da watanni, kowace shekara. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma, takan ninka shi sau biyu ko fiye. Da ta cika tazarar sai ta ci gaba da kumbura, ta kama jikin bol da bututu ta mayar da su abu ɗaya tun daga wannan baki har wancan. Shi ya sa za ka ga motar da ta yi rayuwarta duka tsakanin Kano da Katsina, ko ta tsufa, bol ɗinta na zaruwa da hannu, amma Beljiyam mai sheƙi da ta sauka Kwatano ko Legas jiya ƙasanta ya yi ja. Motar da ta daɗe a bakin teku, ko wadda ambaliya ta taɓa shanyewa, ita ma takan zo da irin wannan ciwo.

Ka ce wa bakanikenka ya sa sifana a kan bol ɗin ya juya a hankali kana kallo. Idan ya tafi da nauyi kaɗan, da an saki sifanar kuma ya dawo inda yake da kansa, magana ta ƙare: ba bol kake juyawa ba, robar kake murɗawa, bol da bututu suna tafiya tare. Idan ma robar ta riga ta yage, za ka ga bol yana juyawa sakayau amma ba ya fitowa ko da kaurin farce, ga jan gari yana zubowa daga bakin bututun.

Wannan gwajin ne ke bayyana dalilin da guduma ba ta yi aiki ba. Robar da aka ƙera don ta shanye dukan ramin hanya, ita ce ke shanye dukan gudumar. Abin da ya rage na ƙarfin dukan kuma a kan kunnen biraket yake sauka, ya tanƙwara shi waje. Sannan bakin bol ɗin da ake duka yana baje, ya yi kai, ya fi ramin da zai bi girma. An taɓa kawo mini wata daga wani gareji, an yini ana dukanta: kunnen aksil ɗin baya, wato babban ƙarfen da am ke maƙale a jikinsa, ya buɗe har yatsa na shiga tsakaninsa da bushin, ramin bol ɗin alaimen ya zama ƙwai, sai da aka nemo wani aksil ɗin gaba ɗaya. Garin neman gira an rasa ido. Bol da bushin kayan canji ne, kuɗinsu kaɗan ne. Aksil da nokul su ne dukiyar da ake karewa a wannan aiki.

Kafin a ci gaba, a tabbatar da ciwon

Tunda an riga an fara, wannan ya zo a makare, amma yana da amfani ga sauran wuraren da ba a taɓa ba. Ƙarar baya a gargada sau da yawa ba daga manyan bushin take ba. Linkej na sitabilaiza da 'yan robobinsa su ne suka fi yawan kawo ta, ga su da arha, ga sauƙin canji. Shokozoba da ya zubar da mai shi ma yana bugawa. EOD tana da am biyar a kowane gefe a baya, ba dole ne duka sun mutu ba. A sa liba a bakin kowane bushin a tura: wanda ya mutu za ka ga am yana tafiya sosai, ko robar ta rabu da bututun, ko ta tsage har ciki. 'Yan tsage-tsagen sama da zafin ƙasarmu ke yi wa kowace roba ba hujjar canji ba ne.

Cin taya ta ciki kuwa yana da uwa biyu. Ko tayar ta karkace bakinta waje ko ciki, wanda shi ne bol ɗin alaimen ke gyarawa, ko kuma samanta ya kwanta ciki. Wannan na biyun, Honda ba ta yi wa ƙirar nan wurin saita shi a baya ba. Idan sifirin ya zauna saboda lodi, ko am na sama ya gaji, tayar za ta ci gaba da kwanciya ko an canza bushin duka. A auna tsayin motar hagu da dama a kan daɓe mai kyau kafin a ɗora wa bushin laifin kowa.

Sannan a ɗauki ƙaramar guduma a ƙwanƙwasa aksil ɗin kansa, musamman kusa da kunnuwa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi. Idan yana zubar da ɓawo, ko sukudireba ta huda shi, to maganar ceton bol ta wuce, aksil ne za a canza. A duba bututun man birki da ke bi ta wurin, domin gishirin da ya ci bol bai ƙyale su ba.

Yadda za a tsayar da motar

Birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa. Da ka ɗaga baya, ba abin da ya rage yana riƙe motar sai giya. A sa ta a P, a tare tayoyin gaba gaba da baya, a ɗora ta kan sitan na ƙarfe a ƙasa mai tauri. Bulo na siminti yana fashewa ba sallama, jak kuma na ɗagawa ne, ba na kwanciya a ƙarƙashi ba, balle a aikin da za a yi ta jijjiga mota da dogon faif.

A EOD sifirin yana jikin shokozoba, don haka cire am ba ya sakin sa. Amma a motocin da sifirin ke zaune shi kaɗai a kan am na ƙasa, kamar Golf 5 ko RAV4 ta 2006 zuwa sama, tilas a tokare am ɗin da jak kafin a zare ko a yanka bol, a sauke shi a hankali. Ko a motarka ma, a sa jak a ƙarƙashin nokul a ɗaga kaɗan har nauyi ya sauka daga kan bol ɗin. Wani bol ɗin ba tsatsa kaɗai ta riƙe shi ba, har da nauyin ƙafar da ke rataye a kansa.

Abin da ya cancanci gwadawa kafin yanka

Ba na cewa a yanka kowane bol da ya yi gardama. A kankare tsatsar da burushin waya, a fesa man sassauta tsatsa irin su WD-40, ko kananzir da aka haɗa da man giya, a baki biyu na bututun, a bar shi ya kwana. Man birki da kanikawa suka saba zubawa yana cin fenti, kuma ban ga ya fi waɗannan ba. A sani dai, mai yana aiki sosai a kan zaren noti, amma a cikin bututun da tsatsa ta toshe ba ya shiga da nisa.

Washegari a mayar da tsohon notin a kan bol har bakinsu ya zo daidai, don duka ya sauka kan noti, bol kada ya baje. Mutum ɗaya ya tokare kunnen biraket na ɗaya gefen da babbar guduma ko guntun faif mai kauri da kan bol zai shige ciki, ɗayan ya buga. Tokarar nan ce ke sa dukan ya ratsa bol maimakon ya tanƙwara kunne. Idan akwai inda bututun ya leƙo, a kama shi da filaya mai kulle, a juya bol gaba da baya, a ɗaure kaɗan a kwance kaɗan. Garejin da ke da bindigar iska mai bugawa ya fi samun nasara a nan, saboda ƙananan duka masu sauri sun fi farfasa tsatsa a kan babban duka ɗaya. A yi amfani da sokit mai kusurwa shida, mai sha biyu yana cinye kan bol da ya riga ya rube.

Idan an yi wannan na ɗan lokaci bol bai matsa ba, a tsaya. Naka an riga an dake shi, ina kyautata zaton bakinsa ya baje, don haka wannan mataki wataƙila ya wuce ka.

Maganar wuta

Wuta tana da wurinta. Idan noti ne ya ƙi kwancewa, ɗumama shi yana buɗa shi ya saki zare. Amma kai notinka ya fita. Abin da ya kama yana cikin bututun da roba ta lulluɓe, kuma kafin zafi ya isa can sai robar ta kama da wuta, ta yi ta ɗiga tana baƙin hayaƙi mai cutar da ƙirji. A kan benci, bayan an cire am daga mota, wannan abu ne da za a iya sarrafawa. A ƙarƙashin mota ba haka ba ne.

Bol ɗin alaimen yana can ciki jikin aksil, tankin mai kuma yana ƙarƙashin kujerar baya daf da wurin, ga bututun fetur da na tururinsa. Tankin da ya kusa ƙarewa bai fi cikakke aminci ba, tururin ne ke kamawa. Ni ba na kai wutar kabaid wurin, ko wa ya ce a kai. Na ƙasan shokozoba ya ɗan yi nisa da tanki, amma shi ma yana da maƙwabta: shokozoban kansa akwai mai da iska a matse a cikinsa, ba a gasa shi, ga wayar ABS mai hana taya kullewa a birki, ga tiyon birki, ga giris ɗin boris. Sifirin da ya sha wuta kuma ya tashi daga aiki. A manna maganaɗisu a jikin nokul. Idan bai kama ba alminiyom ne, shi kuwa yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba, kuma ƙarfinsa yana raguwa tun kafin a kai can. Kuma kada a taɓa kunna wuta a inda aka gama fesa mai.

Duk bol ɗin da aka gasa ya yi ja, ya tafi. Ƙarfinsa daga horon zafi ya samo shi a masana'anta, wutar walda kuma tana warware wannan horo. Ko ya fito lafiya a ido, kada a mayar da shi.

Yanka

Kafin a taɓa bol ɗin alaimen, a yi alama. Kansa da washarsa ba a tsakiya raminsu yake ba, juya su ne ke tura am waje ko ciki. A ja layi da fenti ko a karce a jikin aksil daidai inda alamar washar take, a ɗauki hoto da waya. Da wannan za a mayar da sabon kusa da inda tsohon yake, motar ta iya kai kanta wurin alaimen ba tana cin taya ba.

Wurin yankan shi ne tsakanin bakin bututun da kunnen biraket, gefe biyu. A sa liba a buɗa 'yar tazara, a fere robar da ta leƙo da wuƙa don ruwan zarto ya samu hanya. Bututun yakan fi bol taurin yanka, don haka a nufi bol ɗin kansa a cikin tazarar. Zarton lantarki mai kai da komo shi ya fi dacewa, da ruwa mai haƙoran kabaid. Ruwa na banza zai mutu kafin a kai rabi. Inda babu shi, zarton hannu da ruwa mai kyau yana yi, sai dai haƙuri da gumi, kuma shi ne mafi aminci a kusa da tanki. Giranda da siririn faifai tana da sauri a inda ta samu shiga, amma tartsatsinta wuta ne: a juya shi ya kalli waje, a rufe tanki da bututu da jiƙaƙƙen buhu ko guntun kwano, a sa tabarau, a ajiye abin kashe gobara kusa. Idan ana jin warin fetur ko kaɗan, a ajiye ta.

Hannu ya karkata wajen bushin, ba wajen kunne ba. Idan zarto ya ci bututu ba a yi asara ba, idan ya ci kunne an rage masa kauri. Da an yanke gefe biyu, kan bol zai faɗo, am ya zame ya fito da guntun a cikinsa.

Wasu bol na ƙafar baya ba su da noti a sake, cikin notin da aka yi wa walda a jikin mota suke shiga. Waɗannan a bi su da lallami, domin idan notin ya ɓalle a inda hannu ba ya kaiwa, aiki ya ƙaru. Idan guntun bol ya rage a ciki, a ɗora wani noti a kansa a yi walda ta tsakiya. Zafin waldar kan sassauta zaren, sai a kwance da sifana. A cire kan batir kafin walda, a maƙala wayar ƙasa kusa da wurin aikin don wuta kada ta bi ta boris.

Bushin kaɗai ko am gaba ɗaya

Ga siraran am na EOD, sau da yawa canza am ɗin da bushinsa a ciki ya fi sauƙi, ya fi kuma tabbas, tunda ma kamfani a haɗe yake sayar da yawancinsu. Wanda ke jikin nokul shi ne ake matsawa a fitar a sa sabo.

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za a ba ka zaɓi tsakanin Beljiyam da sabo. Am na Beljiyam ƙarfensa na asali ne, amma robarsa ta tsufa kamar taka. Ka sa sukudireba cikin bututun ka lanƙwasa ka ga ko robar za ta buɗe baki, ka kuma leƙa cikin bututun ko tsatsa ta cinye. Sabo kuwa hawa-hawa ne, akwai wanda robarsa ba ta kai damina biyu. Bushin ɗin da ake yankawa daga tsohuwar taya a cusa, na san yana fitar da direba daga daji, amma ba a manne yake da bututu ba, yana juyawa yana cinyewa, alaimen ba ya zama a kansa. A ƙafar baya mai am biyar ba na sa shi.

Bol kuwa a nan mutane suka fi yin sakaci. Na alaimen ba shi da madadi, sai irinsa da washarsa. Sauran ma a nemo na motar, ko na Beljiyam mai tsabta. Motocin Japan zarensu siriri ne: bol mai kaurin milimita 12 tazarar zarensa 1.25 ce, kansa sifana 17, alhali na kasuwa mai wannan kauri yawanci 1.75 ne. Idan aka tilasta shi cikin notin mota, zaren ya lalace. Idan dole ta sa a sayi na kasuwa, a duba lambar da ke kansa, a nemi 10.9, kada a sauka ƙasa da 8.8, wanda babu lamba a kansa kuma a bar shi wa masu ƙera ƙofa. Tsayin jikinsa marar zare ya kai na asali, don kada zare ya zauna cikin kunne. Notuna masu kulle kansu sababbi ake sawa. Littafin Honda ma ya ce a canza notin bol ɗin alaimen idan an kwance shi.

Fitar da tsoho, shigar da sabo

Kafin a fitar da tsohon bushin a lura da zamansa. Wasu suna da ramuka a jikin robar ko kibiya a gefe, kuma fuskar da suke kallo da gangan aka yi ta. A yi alama a jikin am, a auna yadda ya leƙo ta kowane gefe.

Injin matsi shi ne kayan aikin. Inda babu, ko ana son yin na nokul ba tare da an sauke shi ba, doguwar sanda mai zare da notuna da washa masu kauri tana yi: a gefe ɗaya sokit da ya zauna daidai kan gwangwanin bushin, a ɗaya gefen guntun faif da bushin zai faɗa ciki, a shafa wa zaren giris a yi ta ɗaurewa. Sai dai naka guntun bol ya toshe tsakiya, don haka sai an fara cire cikin. A huda robar zagaye da dirin har bututun ya faɗo. Gwangwanin da ya rage a zura ruwan zarto ta cikinsa a tsaga shi a tsaye, a hankali, ana tsayawa ana dubawa. Da ya kusa hudewa za ka ga bakin tsagar ya ɗan matse da kansa. A nan a sa kurfi a naɗe gefen ciki, zai saki ya fito da ɗan bugu. Zarton kada ya shiga naman nokul.

A goge ramin da sanfefa har ya yi haske, a shafa mai kaɗan a jikin gwangwanin sabon. Matsi a kan gwangwanin waje kaɗai ake yi. Wanda ya tura ta bututun tsakiya ya yaga robar tun kafin ta ga titi. Ya shiga a miƙe. Idan ya fara karkacewa a fitar a sake, kada a ce zai gyaru a hanya. Bushin da roba ce zalla ba gwangwani, ruwan sabulu ake sa masa, domin baƙin mai da giris na kumbura roba su ruɓar da ita. Idan am ɗin na falle ne da aka naɗe, a cusa wani ƙarfe tsakanin ɓangarorinsa lokacin matsi don kada ya lotse.

Ɗaurin ƙarshe

A nan ne aiki mai kyau yakan lalace. A shafa giris, mai jan ƙarfe idan an samu, a jikin bol inda zai zauna cikin bututu. Zaren a bar shi a bushe, saboda giris a zare yana sa a wuce ƙa'idar ɗauri ba a sani ba. A zura duk bol ɗin, a kama notuna da hannu, amma kada a ɗaure tukuna.

Dalili shi ne abin da na faɗa tun farko: da an ɗaure, bututu ya daina juyawa. Idan aka ɗaure ƙafa tana lilo a sama, sannan aka sauke mota, nauyinta zai murɗe robar ta zauna a haka dare da rana, kamar wankin da aka matse aka bari a murɗe. Kowane rami kuma ya ƙara mata wata murɗar a kan wadda take ciki. Yawancin bushin da ake cewa jabu ne don sun mutu cikin 'yan watanni, wannan ne ya kashe su, kuma motar takan tsaya da ɗan tsayi fiye da yadda take. A sauke ta kan tayoyinta a kan ramin gareji, a jijjiga bayan sau biyu ko uku, sannan a ɗaure. Inda babu rami, a sa jak a ƙarƙashin nokul a ɗaga har motar ta fara barin sitan, a ɗaure a haka.

Kowane bol yana da adadin ɗaurinsa a littafin gyaran motar, kuma sun bambanta daga am zuwa am, don haka a duba a yi da sifana mai awo. Notin taya na wannan mota niyuton-mita 108 ne. Tsalle a kan faif ba awo ba ne, yana miƙar da bol ne kawai.

Abin da aka canza a dama a canza irinsa a hagu, in ba haka ba bayan motar zai riƙa ja gefe a kwana da kan birki. Daga gareji a wuce wurin alaimen na taya huɗu, ba na gaba kaɗai ba, a kuma tabbatar mai saitin ya riƙe kan bol lokacin ɗaure noti don kada saitin ya gudu. Tayar da ta riga ta cinye ta ciki ba za ta warke ba. Idan waya ta fara leƙowa a canza ta.

Bol ɗin gefen hagu da ba a taɓa ba tukuna, a fara jiƙa su da mai tun yau, a kuma sayo nasu tare da na dama. Ku yi magana da bakaniken a fili kafin ya ci gaba, cewa akwai yiwuwar su ma sai an yanka, ku daidaita kuɗin aikin a kan haka, don kada ya ga lokaci na tafiya ya koma wa guduma.